Gashin Jimina a Hannun Mai Rawa

Duk wanda ya taɓa tsintar gashin tattabara a tsakar gida ya san ɗan wasan da yara kan yi da shi. A kama gefensa a ja, sai ya tsage ya bar giɓi. A sa yatsu biyu a shafe shi daga gindi zuwa tsini, sai giɓin ya rufe, gashin ya koma sumul, ka rantse ba a taɓa yaga shi ba. Sai an sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ganin asirin. Karan da ke tsakiya yana fitar da zaruruwa hagu da dama, kowane zare yana da nasa ƙananan rassa, a bakin rassan kuma akwai 'yan ƙugiyoyi da ido ba ya gani. Ƙugiyar wannan zare tana saƙale da reshen maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin ya riƙe na gaba da shi, har ƙarshen gashin, kamar dai haƙoran zif. Shi ya sa idan tsuntsu ya zauna a reshe yana bin jikinsa da baki, ɗinki yake yi, yana mayar da kowace ƙugiya inda ta kuɓuce. Da wannan riƙon junan gashi ke zama shafi guda da iska ba ta ratsawa. Tsuntsu ya doki iska da shi, iska ta ɗaga shi sama.

To, sai a ajiye na tattabara a ɗauko na jimina, irin farin nan dogo na fiffiken namiji, wanda kan kai kamu guda ko fiye. Kara yana nan, zaruruwa suna nan, ƙananan rassan ma suna nan, sun ma fi na tattabara tsawo da laushi. Ƙugiya ce babu. Kowane zare zaman kansa yake yi, bai riƙe kowa ba, ba wanda ya riƙe shi. Ko za a kwana ana shafa shi da yatsu ba zai haɗe ba. In ka hura masa iska, kowane zare ya nufi inda ya ga dama, iskar ta bi ta tsakaninsu ta wuce abinta.

Abin mamakin shi ne, wannan rashin ƙugiyar shi ne kyan gashin baki ɗaya. Lilon da yake yi, da rausayar da yake yi ko da numfashi ne ya taɓa shi, da yadda haske ke shiga cikinsa ya fito a tausashe, duk daga nan suke. Da zaruruwan sun riƙe juna da ya sandare, ba mai waiwayarsa. Abin da ya hana shi ɗaukar tsuntsu sama, shi ne ya sa idon ɗan Adam ya kasa barinsa.

Kada dai a ɗauka an tauye wa jimina wani abu. Mahaliccin da ya hana ta sama ya mallaka mata ƙasa. Ya ba ta dogayen ƙafafu masu yatsu biyu kacal, babu wani tsuntsu mai irinsu, da su take cin kilomita 70 a awa idan gudu ya kama. Babban namiji kan haura kilo 100, to wane fiffike ne zai ɗaga wannan? Fiffiken nata yana da nasa ayyukan a nan ƙasa. In tana gudu za ta karya kwana, da shi take daidaita jikinta. In rana ta take, sai ta ɗage shi iska ta bi ta cinyoyinta inda ba gashi, in dare ya yi sanyi ta sauke shi ta lulluɓe. 'Ya'yanta kuwa a ƙarƙashinsa suke samun inuwa a filin da babu itace. Sannan ga rawa. Lokacin barbara namiji yakan durƙusa a gaban mace, ya baje fukafukansa biyu, fararen gashin nan su fito fili a kan baƙin jikinsa, ya riƙa kaɗa na dama ya kaɗa na hagu, wuyansa na lilo yana bugun bayansa. Rawa ce ta gaske, amma ƙarshenta gurbi ne a cikin rairayi da kwana 42 na kwanci, mace da rana saboda launinta ya saje da ƙasa, namiji da dare saboda nasa ya saje da duhu.

Tun da daɗewa mutum ya sa wa gashin nan ido. A Kano, tarihi ya danganta figini, wato maficin sarauta, da takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe ana ganinsu idan sarki ya fito hawa. A ƙarni na 19 gashin jimina na cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano da Damagaram da Barno, a ratsa Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya kai shi Landan da Faris, inda matan masu hali ke soka shi a huluna. Da Turawan Afirka ta Kudu suka ga kuɗin da ke ciki, sai suka shiga kiwon jimina a gonaki, musamman a garin Oudtshoorn. Ba sa kashe ta. Su yanke gashin fiffike daga saman fata, su bar gindin ya bushe su zare, wani ya tsiro. Zuwa 1913 gashin jimina ya zama na huɗu a kayan da ƙasar ke fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu. Duk da haka hankalinsu bai kwanta ba, don gashin da ke fitowa ta Tarabulus ya fi nasu kauri da daraja. A 1911 gwamnatinsu ta turo wani jami'i, Russel Thornton, ya zo har Kano yana bin diddigin irin wannan jimina, ya tara fiye da ɗari, aka sha wahala aka kai su gida a 1912. Ba a ci moriyar wahalar ba. A 1914 kasuwar ta rushe: yaƙi ya ɓarke, mota marar rufi ta shigo, babbar hula mai gashi ba ta zama a ka cikin iskar mota, mata suka sauya ado. Attajiran da suka gina manyan gidaje da kuɗin gashi suka wayi gari da kayan da ba mai taya. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Gashin da ya sauka daga kan matan attajirai bai ɓace ba, dandamali ya koma. A Amurka a lokacin akwai wani wasa da ake kira barlesk, nishaɗin ma'aikata da 'yan ci-rani na manyan birane. Wata Baturiyar Ingila, Lydia Thompson, ita ta fito da shi a Niyok da ayarinta a 1868. Da farko shaƙiyanci ne da waƙa da kwaikwayon manya. Sannu a hankali, da silima da rediyo suka janye 'yan kallo, masu gidajen wasa suka ga ba abin da ke cika kujeru irin rage tufafi, sai wannan ya zama jigon sana'ar, barkwancin ya koma ɗan rakiya. Sana'a ce ta kan hanya. Manyan kamfanoni irin Columbia suna da jerin gidajen wasa a birane daban-daban, kowane ayari ya yi mako guda a gida ɗaya, ya naɗe kaya ya hau jirgin ƙasa, wani ayarin ya maye gurbinsa, haka ake juyawa kusan mako 40 a shekara. Mai rawa takan san tashar jirgin gari da ƙofar baya ta gidan wasa da ɗakin otal mai araha, ta bar garin ba ta san kowa a cikinsa ba.

A cikin matan da suka rayu a kan hanya, ba wadda sunanta ya manne da gashin jimina irin Sally Rand. An haife ta a 1904 a jihar Missouri, sunanta na yanka Helen Beck. Tana yarinya ta ga shahararriyar mai rawar bale ta Rasha, Anna Pavlova, ta ƙudurta ita ma abin da za ta zama ke nan. Ta bar gida da ƙuruciya, ta yi rawa a sahun baya, ta kai Holiwud ta fito a finafinan da ba a magana, inda darakta Cecil B. DeMille ya raɗa mata sunan da duniya ta san ta da shi. Da fim mai magana ya shigo, aikinta ya tsaya. Ga kuma karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan 1929, wadda ta kai ma'aikaci ɗaya cikin huɗu a Amurka ba shi da abin yi. A 1932 ta tsinci kanta a Shikago hannu rabbana, ta samu gurbi a wani gidan rawa na dare, ta sayi manyan mafitai biyu na gashin jimina.

Shekara ta gaba aka buɗe babban bikin baje koli na duniya a Shikago, wanda aka shirya don nuna ci gaban kimiyya da masana'antu. An baje injuna da motoci da gidajen zamani, cikin shekara biyu aka sayar da tikiti kusan miliyan 40. Amma har yau in an ambaci bikin 1933, abin da ake fara tunawa shi ne wata 'yar guntuwar mace da mafitai biyu, a wani sashe da aka ƙawata da siffar unguwannin Faris. 'Yan sanda suka kama ta sau huɗu a rana ɗaya, kowane kamu kuma ya ƙara tsawon layin masu sayen tikiti. Albashinta ya tashi zuwa dubban daloli a mako.

Ya kamata a dubi rawar kanta da kyau, don ba yadda ake zato take ba. Ana rage fitilu a bar shuɗin haske. Kiɗan mai taushi ne, na Debussy da Chopin. Tana fitowa da mafici ɗaya a gaba ɗaya a baya, jikinta a shafe da farin shafi, ko kuma cikin siririyar riga mai launin fata. Sai ta fara juyawa. Duk juyin da za ta yi, dole maficin gaba ya koma baya, na baya ya dawo gaba, kuma dole musayar ta faɗo daidai lokacin da jiki ya ba da gefe, ɗaya ba ya tashi sai ɗaya ya iso. In hannun dama ya yi jinkirin ƙiftawar ido, asiri ya tonu. In ya yi gaggawa, mafitan su sarƙe. Gashin kuma yana taya ta da halinsa. Tun da zaruruwansa a sake suke, bakin mafici ba shi da tsayayyar iyaka, yana ci gaba da rawa bayan hannu ya tsaya, haske na ratsa shi, sai mai kallo ya kasa tantance inda gashi ya ƙare da inda fata ta fara. Da ƙyalle mai kauri ta riƙe, ido zai san an rufe masa ƙofa ya haƙura. Gashin jimina kuwa yana rufewa yana alkawarin buɗewa. Shi ya sa shari'a ta yi ta wahala da ita, don kafin a hukunta mutum sai an tabbatar da abin da aka gani, mafitan kuwa ba sa bari a tabbatar. A 1946 wani alƙali a San Faransisko ya je da kansa ya kalli wasan, ya dawo ya sallame ta.

Ashe dubban mutanen nan kuɗi suka biya aka hana su abin da suka zo nema, suka fita suna murna, gobe suka dawo. Akwai mata barkatai a gidajen barlesk na lokacin da suka yar da komai, an manta da yawancinsu. Wadda aka riƙe sunanta ita ce wadda aikinta daga farkon kiɗa zuwa ƙarshensa rufewa ne. Haka aka halicci ido. Abin da aka shimfiɗa masa yakan ƙoshi da shi nan take, abin da aka sakaya masa shi yake bi. Fada ta san wannan tun tuni, ko da yake tsakanin manufarta da ta gidan rawa nesa ba kusa ba. Sarki yakan fito cikin rawani da amawali da alkyabba, ƙafarsa ma a lulluɓe da gashin jimina, figini na kaɗawa a gefensa, kwarjininsa kuma ya ƙaru gwargwadon abin da aka ɓoye. A can sutura tana ce wa mai kallo ya tsaya inda yake ya sunkuyar da kai. A gidan rawa an mai da ita tarko. Wannan shi ne abin baƙin ciki a sana'ar, kuma ba a wuyan mai rawa kaɗai yake ba. A shekarar da miliyoyi ke bin layin abincin sadaka, an samu maza da yawa da suka ware kuɗin tikiti, an samu masu shirya biki da suka ƙirga ribarsu a ofis. Ba wanda ya ja mai kallo zuwa caji ofis. Wadda ta tsaya a cikin haske ita ake kamawa.

Sannan ga nauyi. Gashin jimina guda ɗaya, in an ɗora maka a tafin hannu, da ƙyar za ka ji shi. Amma in aka jera da yawa a kan sanduna aka haɗa su a mariƙi ɗaya, labari ya sauya: maficin Sally Rand kowanne ya kai kimanin kilo 3. Kilo 3 ba kaya ba ne in an rungume shi a ƙirji. To a riƙe shi da yatsu, hannu a miƙe, nauyin yana can nesa da wuyan hannu, a yi ta juya shi a hankali, a hankali kuwa ya fi da sauri wuya, fuska na murmushi, a sauka a huta kaɗan a sake hawa, sau da yawa a rana. Wanda ke zaune a kujera farin gashi kawai yake gani yana shawagi. Ciwon kafaɗa da kantar yatsu ba sa isowa wurinsa, da ma sun iso da wasan ya lalace, domin abin da ya saya ke nan, ya ga kaya ba nauyi.

Mutane da yawa haka suke riƙe da nasu mafitan. Akwai wanda aka sani da fara'a, duk taron da ya shiga sai an yi dariya, ba wanda ya taɓa tambayarsa da me ya kwana. Akwai matar da gidanta ba ya rabo da baƙi, kullum tukunya a wuta, ana cewa ai ita abin a jininta yake. Akwai ɗan'uwan da kowa ke kai wa kuka saboda ba ya cewa babu. Iyawarsu ce ta ɓoye wahalarsu. Duk yadda mutum ya gwanance wajen ɗaukar kaya, haka masu kallo ke mantawa kaya ne, har ranar da ya ce ya gaji a yi mamaki, wani ma ya ji haushi.

Kuma abin da aka yaba wa mutum da shi, da shi ake ɗaure shi. Sally Rand ta yi ƙoƙarin ajiye mafitan. A 1934 ta fito da wata rawa da ƙatuwar balan-balan mai shara-shara. Ta fito a wasannin kwaikwayo na sosai, ta yi jawabai a tarurruka. Jama'a suka saurara, suka ce to, ina mafitan? An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ita kiɗan duniya ya sauya sau da yawa ba a bar ta ta sauya ba. A 1937 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya hana gidajen barlesk lasisi. Manyan jerin gidajen wasan nan sun riga sun watse. Talabijin ta zo ta zaunar da mutane a gida, daga baya finafinai suka tsiraita abin da mafici ke sakayawa har ya zama kayan tarihi. Ita kuwa tana kan hanya: gidajen rawa na dare, bukukuwan baje koli na jihohi, tantunan 'yan wasa masu yawo, ƙananan garuruwa. Ta kai shekara 50 da mafitai a hannu, ta kai 60, ta haura 70. Waɗanda suka kalle ta suna samari a Shikago suka dawo kallonta da furfura.

A nan ne halin gashin ya fi fitowa a rayuwar mai ɗauke da shi. A dubi ɗakin wasa cike maƙil, kafaɗa na gogar kafaɗa, ido duk a wuri ɗaya, tafi raf-raf. Daga kan dandamali abin ya yi kama da jama'a. Amma ba wanda ya san na kusa da shi, da yawa ma ba sa so a san sun zo. Ana kunna fitila kowa ya ja hularsa ya nufi inda ya ga dama. Zaruruwa ne a jere a kan kara ɗaya, babu ƙugiya. Irin wannan taro yana da faɗi da kyan gani, yana rausaya in an hura shi, amma ranar da mutum ya faɗo ya nemi abin da zai tare shi, ta tsakiyarsa zai wuce. A 1939, tana tsakiyar tashe, sunanta a jaridu, Sally Rand ta je kotu ta bayyana cewa ta karye, bashi ya fi ƙarfinta. Ta yi aure fiye da sau ɗaya, ba wanda ya zauna.

Wadda abin ya fi yi wa muni ita ce Faith Bacon. Ita ta riga Sally Rand yin rawar mafici, a Niyok tun 1930, ta kuma yi ta faɗa cewa ita ce mai asalin abin, a 1938 har ƙarar Sally Rand ta kai. A 1936 wani dandamalin gilashi ya fashe da ita a Shikago ya yayyanka mata cinyoyi. Aiki ya yi ta raguwa, kuɗi suka ƙare, waɗanda suka yi mata tafi suna can suna yi wa wata. A 1956 ta komo Shikago neman aiki ba ta samu ba, ta faɗa daga tagar otal ta mutu tana da shekara 46, a birnin da dubbai suka taɓa yin layi don su gan ta. Ko maƙiyin sana'arta, in ya ji wannan, ya san an yi asarar rai.

To me ya riƙe Sally Rand har ta kai tsufa a tsaye? A sake duban jimina. Mai kallo fiffike yake kallo, tafiyar kuwa ƙafa ke yin ta. A ƙarƙashin gashin nan akwai horon bale da ta ɗauka tun tana yarinya ba ta sake shi ba, da jikin da ta hana shi lalacewa, da kan da ya san ciniki. Ita ke jagorancin ayarinta, ita ke jayayya da masu gidajen wasa a kan kuɗi, ita ke tsayawa gaban alƙali da 'yan jarida ta ba da amsa. Ta karye ta tashi. Ta ɗauki yaro ta raine shi ya zama ɗanta, ta kafa gida a Glendora ta jihar Kalifoniya, inda take komawa in hanya ta sake ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa fitowa a allon talla. Sau da yawa abin da aka san mutum da shi daban, abin da ke ɗauke da shi daban, kuma hatsarin yana kan wanda ya gaskata masu tafi, ya ɗauka gashin ne ke tafiyar da shi, ya bar ƙafa ta mutu.

Akwai kuma abin da ke faruwa da gashi ranar da almakashi ya raba shi da fiffike. A jikin jimina inuwa ne, bargo ne, madogara ne wajen gudu, kira ne zuwa ga gurbi da ƙwai, kyan kuma ya biyo baya ba tare da an neme shi ba. Sai da aka yanke shi aka ɗaura a sanda ya zama ba shi da wani aiki sai a kalle shi. Baiwar mutum, kyau ne ko murya ko iya magana, muddin tana manne da rayuwarsa tana yi wa na kusa da shi inuwa, ba ya ma jin nauyinta. In aka yanke ta aka kai kasuwa tana iya kawo kuɗi masu yawa, amma daga ranar sai mai ita ya ɗauke ta da hannu, gari zuwa gari, ya adana ta a akwati, ya gyara wadda ta karye, ya sayi sabuwa in ta ƙoƙe.

Sally Rand ta ci gaba da hawa dandamali har ƙarshen shekarun 1970. Ciwon zuciya ya kwantar da ita, ta mutu a Glendora ranar 31 ga Agusta 1979, tana da shekara 75, da bashi a kanta. Ɗan da ta raina ya ba da labarin cewa wanda ya kawo ɗauki shi ne mawaƙin nan Sammy Davis Jr., wanda shi ma tun yana ɗan shekara 3 mahaifinsa ke yawo da shi daga wannan gidan wasa zuwa wancan, ya san jirgin dare da ƙofar baya tun kafin ya iya karatu. Shi ya rubuta cek na dala 10,000 aka rage bashin.